Me Ya Sa Kaza Ke Ɓacewa Gabanin Damana?

(Wannan shi ne jawabin da wani ɗan garinmu, malamin lakkwal, ya yi wajen taron ƙungiya na bayan girbi. Mun buga shi yadda ya faɗe shi, don ƴan'uwan da ke wajen bida su samu rabonsu.)

Iyayena, yayyena, ƙannena, ina neman gafarar manya, tun da yaro ne zai tashi tsaye ya yi maganar taurari gaban waɗanda sunka riga shi ganinsu da shekaru masu yawa.

Abin da ya kawo maganar kun san shi. Bazarar da ta wuce, nan ƙofar mai gari, wani babanmu ya ce Kaza ta faɗi, kowa ya gyara irinshi ya fidda sungumi. Wani ƙanena da ya komo daga Abijan ya yi dariya, ya fiddo salula ya ce ga kwanan wata nan rubuce, wa ke sauran duban Kaza? Babanmu ya ji ciwon dariyar, yaro kuma ya ɗauka shi ya yi nasara. Na kwana ina tunanin abin, don ni a ganina dattijon ya fi shi gaskiya nesa, ko da yake akwai wuri guda inda lissafin dattijai ke ja mana hasarar iri. Zan zo gare shi. Amma sai mun fara sanin abin da ke tafiyar da taurarin.

Duk wanda ya taɓa kwana gona ko ya yi tsaron dabbobi ya san taurari ba su tsayawa. Wanda ka gani gabas bayan isha'i, tsakar dare shina bisa kanka, da asuba ya gangara yamma. Ido na ce mana sama ce ke tafiya. Abin da anka auna anka tabbatar shi ne, mu ne ke juyawa. Duniya dunƙulalliya ce kamar ɗan goruba, kewayenta wajen kilomita 40,000, kuma tana juyawa bisa kanta daga yamma zuwa gabas, sau guda cikin kwana guda. Nan ƙasar Maraɗi, wannan juyi na tafiya da mu fiye da kilomita 1,600 a awa. Na ga wasu na girgiza kai, kuma ban ga laifinku ba. Tambayar ita ce, don me ba mu ji? To, wanda ya shiga babbar mota bisa kwalta mai kyau, direba bai taka birki ba bai ƙara wuta ba, har shayi shina sha bai zuba ba, kuma in ya leƙa taga itatuwa ne zai ga suna gudu baya. Girgiza da tsayawa su ake ji a jiki. Duniya ba ta da rami kan hanyarta, ba ta taka birki, kuma iska da ruwa da gidajenmu duk tare muke tafiya.

Maganar ba yau anka fara ta ba. Abu Raihan Albiruni, wanda anka haifa a 973, ya hau wani tudu a ƙasar da yau ake ce ma Pakistan ya auna girman duniya, ya kuma tattauna zancen juyawarta cikin littattafanshi. A 1851 wani Bafaranshe mai suna Fuko ya rataye dunƙulen ƙarfe mai kilo 28 ga waya mai tsawon mita 67 cikin wani babban gini a Paris, ya sake shi shina lilo, mutane na kallo ƙasa na juyawa sannu sannu ƙarƙashinshi.

Amma ku ƴan bida kuna da shaida wadda ta fi wannan kusa. Da azumi, in ɗan'uwanka na Damagaram kai kana Yamai, wa ke riga shan ruwa? Na Damagaram, da kusan rabin awa. Na Maraɗi na riga na Yamai da wajen minti 20, na Difa da wajen minti 40, alhali agogonku duka ɗaya ne. Alhazai kuma sun san Makka na gabanmu da awa biyu. Dalili, duniya na juya digiri 15 kowace awa, wato digiri guda cikin minti 4, kuma wanda ke gabas shi ke fara shiga haske, shi ke fara shiga duhu.

Cikin duk wannan juyi akwai tauraro guda da kusan ba shi motsi. In kun dubi arewa sosai, ƙasa ƙasa, za ku gan shi, ba shi da haske ƙwarai. Shi ne tauraron arewa. Ku ɗauka an soke ɗan goruba da tsinke ana murza shi: ko'ina na juyawa ban da inda tsinken ya fito. To, tsinken duniya wannan tauraro ya nufa, shi ya sa sauran ke kewaya shi kamar shanu a turke. Taurari bakwai ɗin nan masu kamar ludayi, waɗanda Buzaye ke kira raƙuma, biyu na bakin ludayin kullum suna nuna shi.

Tsayinshi daga ƙasa shina faɗa maka inda kake. In ka miƙa hannu ka dunƙule, faɗin dunƙulen wajen digiri 10 ne. Nan Maraɗi, da Yamai, da Damagaram, tauraron arewa na bisa da digiri 13 zuwa 14, dunƙule guda da ɗan ƙari. A Tawa kusan 15, a Agadas 17. Wanda ya kai Tamanrasat zai gan shi wajen 23, na Tarabulus wajen 33, na Paris kusan 49. Amma na Abijan da Legas da Kumasi, digiri 5 ne zuwa 7, ya kusa taɓa ƙasa, ga itatuwa ga hazo ga fitilun birni, da wuya su gan shi. Su kuma an biya su ta kudu. Akwai taurari huɗu masu kamar an gicciya kara biyu, da muke gani kudu ƙasa ƙasa da dare cikin watan Afrilu da Mayu. A bakin teku sun fi tashi bisa, a Faransa kuwa ba a ganinsu ko kaɗan. Amfanin wannan ga matafiyi a fili shike: in tauraron arewa na ga kafaɗarka ta hagu, gabas kake dubi. Daga nan garinmu alƙibla gabas ce da ɗan karkata arewa, amma daga Tarabulus gabas ce da karkata kudu. Ayarin gishiri da ke ƙetare Tenere daga Agadas zuwa Bilma da taurari sunka daɗe suna riƙe hanya.

To, yanzu ga zancen Kaza. In da juyin nan guda ɗaya ne kawai, da taurarin da muke gani yau su za mu gani kullum, a wuri guda a lokaci guda. Ba haka abin shike ba, don akwai tafiya ta biyu. Duniya na kewaya rana, tazararsu wajen kilomita miliyan 150, kuma tana gama kewayen cikin kwana 365 da kusan rubu'in kwana. Rubu'in nan ne ake tarawa a ƙara kwana guda ga watan Fabrairu duk shekara huɗu.

Bari in gwada muku da fitilar nan. Na aje ta tsakiyar fili, ita ce rana. Ni ne duniya. Ku da kunka kewaye filin ku ne taurari, ku yi haƙuri iyayena. In na fuskanci fitila, rana ke nan, haske ya cika mini ido, waɗanda ke zamne bayan fitila ba na ganinsu ko da yake suna nan. In na juya mata baya, dare ke nan, ina ganin waɗanda ke wannan gefe. Yanzu ina tafiya sannu sannu ina kewaya ta. Kun ga na kai wancan gefen, wata shida ke nan. In na ba fitila baya yanzu, waɗanda nike gani su ne waɗanda ɗazu ke ɓoye bayanta, waɗanda na fara gani kuma su ne yanzu haske ya rufe. Ba wanda ya tashi daga tabarmarshi. Ni ne na sake wuri.

A lissafi ga yadda abin ke fita. Duniya na gama juyi guda, ta koma daidai da tauraron da ta baro, cikin awa 23 da minti 56. Amma cikin wannan lokaci ta matsa gaba kamar digiri guda kan hanyarta, sai ta ƙara minti 4 kafin ta sake fuskantar rana daidai. Agogonmu rana shike bi, shi ya sa kowane tauraro ke riga fitowarshi ta jiya da minti 4. Minti 4 ba komi ba ne, amma a wata guda awa biyu ke nan, a wata shida awa 12, a shekara ya kewayo inda ya faro.

Ku bi Kaza da ɗiyanta da wannan lissafi. Wajen ƙarshen Nuwamba, hatsi na cikin rumbu, tana fitowa gabas daidai faɗuwar rana, ta kwana sama har asuba. Tsakiyar Janairu, da ɗari, in an fito isha'i tana bisa kai. Cikin Maris ta karkata yamma. Ƙarshen Afrilu sai ka neme ta can ƙasa cikin jan magariba, farkon Mayu ta ɓace. Ba inda ta tafi, rana ce ta shiga tsakaninmu da ita, wajen 20 ga Mayu suna kusan layi guda. Bayan kamar kwana 40 a ɓoye, wajen tsakiyar Yuni, mai sammako zai gan ta gabas gabanin alfijir. Haka take yi kowace shekara. Taurari ukun nan da ke jere, na cikin babban taron da Buzaye ke kira Amanar, wato ja-gaba, suna biye da ita, su ma na ɗari ne. Kunama kuwa, mai jan tauraro a ƙirji, ta damana ce, cikin Yuli tana tsaye kudu bayan isha'i lokacin da ake maimai. Ba za ka taɓa ganin ta bisa tare da Amanar ba, don suna gefe biyu na filin da na gwada muku.

Malamanmu masu lissafi wannan hanya sunka raba gida 28: Surayya, wadda ita ce Kaza, sai Dabaran, Haƙa, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, har ƙarshe. Wata na kwana kusan gida guda kowane dare, rana kuma na yin kwana 13 cikin kowane. 28 sau 13 ya ba da 364, a ƙara kwana guda ga Jabha, shekara ta cika. Wanda ya tsara wannan ba da wasa ya yi ba.

Ga dalilin da ya sa na ce babanmu ya fi gaskiya. Watan da muke gani a sama kwana 29 da rabi shike yi, wata 12 kwana 354 ke nan, ya kasa shekarar rana da kwana 11. Shi ya sa azumi ke ja baya yana ratsa damana da bazara da ɗari. Dattijai na tune da azumin 1984, farkon Yuni anka yi shi. Na 2000 ya faɗo ƙarshen Nuwamba cikin sanyi. Na 2017 ya komo ƙarshen Mayu, shekara 33 ke nan ya kewayo. Watan sama na ibada ne, manomi ba shi iya ɗaura shibka gare shi. Kakanninmu sun gane haka, sunka nemi agogon da ke tafiya da shekarar rana, sunka same shi ga taurari. Kwanan watan da ke cikin salular ƙanena da Kazar babanmu abu guda suke aunawa, wato inda duniya take kan hanyarta ta kewaya rana. Bambancin, ita Kaza ba ta bukatar caji.

Me ya haɗa inda duniya take da ruwan sama? Tsinken da na ce muku ba a miƙe shike ba, ya karkata da digiri 23 da rabi, kuma karkatar na fuskantar wuri guda duk shekara. Saboda haka wata shida arewacin duniya ke kallon rana, wata shida kudanci. Kun lura rana ba ta fitowa wuri guda: wajen 21 ga Yuni ta fi karkata arewa, wajen 21 ga Disamba ta fi karkata kudu. Nan wurinmu tana bi daidai bisa kai sau biyu, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, ranar da in ka kafa sanda da tsakar rana ba ta da inuwa. Yini mafi tsawo kusan awa 13 ne, mafi gajarta awa 11 da minti 20. Wasu na zaton zafi kusantar rana ne. A'a. Farkon Janairu, lokacin da muke jin ɗumi bakin wuta, shi ne duniya ta fi kusa da rana, farkon Yuli ta fi nisa. Abin da ke kawo zafi shi ne hasken ya sauko a miƙe. In rana ta hau bisa kanmu cikin bazara ta gasa ƙasa har cikin hamada, iska mai zafi ta tashi sama, sai iskar teku mai danshi ta taso daga kudu maso yamma ta tura iskar hunturu baya. Inda sunka haɗu, bayanshi hadari ke biyowa. Ɓacewar Kaza da hawan rana bisa kanmu lokaci guda suke faruwa, don tafiya guda ce ke haddasa su.

Yanzu iyayena ku ba ni izini in faɗi inda muke hasara. Kaza na faɗa mana lokaci ya yi, amma ba ita ke ɗauko ruwa ba. A 1973 ta faɗi kan lokacinta ta fito kan lokacinta. A 1984 ma haka, ba ta yi lattin kwana guda ba, kuma waɗanda ke raye lokacin sun san abin da anka gani. Tafiyar taurari ba ta saɓawa, amma iskar teku wata shekara ta zo da wuri, wata shekara ta makara, wata ta leƙo ta koma. Da kanku kuke cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Alama ce, kuma alama ba ta jiƙa ƙasa. Sau nawa munka ga Kaza ta faɗi, anka yi yayyafi guda, kowa ya zuba irinshi, hatsi ya tsiro, rana ta kwana 20 tana dukanshi ya ƙone, anka koma kasuwa neman iri da tsada, kuɗin da ƴan bida sunka aiko don wani abu dabam ya tafi nan? Masu binciken noma na Sadore, kusa da Yamai, sun daɗe da ba da ma'auni: a lissafa damana ta kama in an samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fiye da mako guda ba ruwa cikin watan da ya biyo ba. Rabin farko kowa na iya aunawa, ko da tona ƙasa da hannu a ga inda laima ta kai. Rabin na biyu ba mai ganinshi tun gaba, shi ya sa hasashen da cibiyar Agirimet ta Yamai, wadda anka kafa a 1974, da ma'aikatan yanayi ke bayarwa ta rediyo ya cancanci a saurare shi. Shawarata, in Kaza ta faɗi a gama sassabe, a kai taki, a gyara iri. Mai son binne ya yi a gona guda. Amma kada a juye iri duka ga ruwan farko, a raba shi biyu.

Akwai kuma wani ɗan gyara da ya shafi masu lissafin gidajen taurari. Tsinken duniya shi ma shina lilo a hankali, kamar yadda kan katantanwar yara ke yi in ta kusa faɗuwa, sai dai lilo guda na ɗaukar wajen shekara 26,000. Saboda shi, taurari na yin lattin kwana guda ga lokutan shekara duk bayan kamar shekara 70. A rayuwar mutum ba a lura. Amma jadawalin da anka rubuta shekara 1,000 da sunka wuce, in an yi ta kwafe shi ba a dubi sama ba, ya goce da wajen mako biyu. Mai irin wannan takarda ya riƙa gwada ta da idonshi.

Wani ya tambaye ni ɗazu kafin a zamna, to Zara fa, ita wane lokaci take nunawa? Ba ta nuna ko ɗaya, kada a ɗaura noma gare ta. Zara ba irin sauran taurari ba ce. Duniya ce kusan girman tamu, ba ta da wutar kanta, hasken rana ne ke dukan gajimarenta. Tana kewaya rana daga ciki, cikin kwana 225, shi ya sa ba ta yin nisa da rana fiye da wajen digiri 47, kuma ba wanda ya taɓa ganin ta bisa kai da tsakar dare. Abin da zai ba ku mamaki, Zara ta magariba da Gamzaki na asuba abu guda ne. Tana yin kamar wata takwas zuwa tara yamma, ta ɓace ƴan kwanaki, ta fito gabas ta yi wasu watannin kamar haka, ta sake ɓacewa kusan wata biyu, duka kwana 584. Na san za a yi mini gardama, don akwai shekarar da ake ganin Zara da magariba a kuma ga wani mai haske da asuba. Wannan sau da yawa Mushtari ne, shi ma wata duniyar ce. Mai shakka ya sa ido: duk lokacin da Zara ta bar yamma, ya jira mako biyu ya yi sammako.

Minti 4 ɗin ma kowa na iya gwada shi a gida. Ka zaɓi wurin zama guda, ka zaɓi kan katanga ko reshen gawo da ke gabas, ka rubuta lokacin da wani tauraro mai haske ya leƙo bisanshi. Ka komo bayan kwana 15 ka zamna wuri guda. Zai riga ka da awa ɗaya.

Roƙona na ƙarshe ga iyayenmu ne, maza da mata. Sunayen taurari da na faɗa kaɗan ne, wasu ma aro na yi wajen malamai da Buzaye. Na san akwai waɗanda kuke kira da sunayen garinmu, da abin da kowane ke nunawa ga noma da kiwo da tafiya. Ina gida har ƙarshen hutu. Duk wanda ya yarda, in zo da littafi bayan isha'i mu fita bayan gari inda ba fitila, ya gwada mini da sanda ina rubutawa, sakatare ya sa su cikin takarda mai zuwa.